Ƙafa Biyun da Na Ƙara wa Baranda

Zuwa ga Yayana, babban wa madadin uba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙani ga wansa, tare da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da duk wanda ke kwana a ƙarƙashin rufinka. Allah ya ƙara maka nisan kwana, ya sassauta maka ciwon gwiwar nan da ya hana ka tsayuwar sallah, ya sa ya zama kankarar zunubi. Mu nan muna nan da sauƙi. Uwar yara hawan jininta ya ɗan tashi a watan jiya, amma likita ya sauya mata magani kuma ta fara samun barci. Auta ta ci jarrabawarta, yanzu ba a isa a aike ta ba sai ta ce tana karatu. Surukarmu tana ɓangarensu ita da jaririyar, wadda yanzu ta daina zama jaririya, don ta fara tafiya, haƙoranta huɗu, kuma duk takalmin da ta samu a ƙofa sai ta kai shi bayan randa. Ita kaɗai ce a gidan nan take yi mini dariya da zuciya ɗaya.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina. Rabona da rubuta abin da ya wuce jerin kayan gini tun muna sakandare, lokacin da kake gyara mini rubutu da jan biro kana cewa hannuna na cokalin gini ne ba na alƙalami ba. To, ka yi haƙuri da shi yau ma. Sau uku na kira ka a waya da niyyar in faɗa maka abin da ke cikin takardar nan, sau uku ina ƙarewa da tambayar gwiwarka da ruwan sama. Bakina ya ƙi. Na gaji, Yaya, irin gajiyar da kwanciya ba ta maganinta, shi ya sa na rufe ofis yau da hantsi na zauna da biro. Ina roƙon ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci, kuma ka karanta yau ɗin nan da direbana ya miƙa maka, don akwai wa'adi a ciki.

Maganar ɗanka ce, ɗan cikina, Injiniya, wanda yau mako biyar ke nan yana gidanka. Na gode da ka karɓe shi ba tare da tambaya ba. Abin da ka sani shi ne abin da kowa ya sani: barandar benen da muka gina ta rufto a kan wani tela, hukumar injiniyoyi ta zauna, ta same shi da sakaci, ta ƙwace lasisinsa da hatiminsa har abada, kuma ƙarar diyya da telan ya shigar sunansa ne a sama. Na tabbata bai ƙara maka ko kalma ɗaya a kan haka ba, don na san halinsa. Ka ce mini yana tashi da asuba ya share maka tsakar gida ya zauna yana kallon bango. Ni ne bangon da yake kallo. Bari in ba ka labarin yadda abin ya faru tun daga tushe.

Ka san ni, ka san inda na fito. Na bar sakandare da sakamakon da ko ni ban so a gani ba, na ɗauki kwanon kankare a kai ina da shekara goma sha bakwai, har gashin tsakiyar kaina ya zube. Daga lebura na zama birkila, daga birkila na zama mai ɗaukar aiki, har na sayi tifa, na buɗe ofis mai ɗaki biyu da allo a ƙofa. Shekara talatin da huɗu ina gini, ban taɓa jin an ce bangona ya tsage ba. Ba wanda ya ba ni ko bulo ɗaya kyauta. A duk tsawon nan abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu farar hular kwano, yaran da za su sauko daga mota da takalmi mai tsabta su buga hatimi a takarda su tafi, alhali ni na san nauyin siminti a wuyana. Shi ya sa na rantse sai na haifi nawa. Ranar da ɗanka ya karɓi lasisinsa na sa aka sake rubuta allon ofis, aka ƙara "da Ɗansa", na yi ta gaya wa mutane cewa yanzu na yi wa kamfanina injiniya na gida. Ka lura da maganar. Ban taɓa cewa na samu wanda zai duba aikina ba. A zuciyata hatimi na samu, wanda ba sai na bi kowa ina roƙo ba.

Aikin da ya jawo wannan ƙaramin aiki ne: bene hawa ɗaya, shaguna huɗu a ƙasa, ɗakunan haya a sama, da baranda a gaba wadda ba ta da ginshiƙi. Kai malamin makaranta ne, bari in kwatanta maka. Baranda marar ginshiƙi kamar mutum ne ya miƙa hannu yana riƙe da guga. Ƙarfin ba a hannun yake ba, yana kafaɗa, wato can ciki inda rodi ya shige cikin dakin, wato rufin kankare, ya kama. A zanen ɗanka faɗin barandar ƙafa huɗu ne, kuma ya rubuta tsawon da kowane rodi zai shiga ciki. An yanka rodi daidai da zane, kafinta ya kafa katako, an sa ranar zuba kankare. Kwana ɗaya kafin ranar aka kwantar da surukarmu a asibiti, haihuwa ta zo da gardama har sai da aka yi mata aiki. Yana fita da ita ya tsaya a bakin mota ya ce mini don Allah kada a zuba sai ya zo ya ga rodin da idonsa, don doka ta ce sai injiniya ya duba ya sa hannu kafin kankare ya rufe shi. Na ce ya tafi ya kula da matarsa.

Da safe sai ga mai ginin, wani ɗan kasuwa mai son a ce nasa ya fi na kowa. Ya hau sama ya tsaya a kan katako ya ce wannan baranda ai ko tabarma ba za ta ɗauka ba, ta maƙwabcinsa ta fi ta faɗi, ko za a ƙara masa ƙafa biyu? Sannan ya yi murmushi ya ce ko da yake ya san yanzu sai an jira Injiniya ya ba da izini. A gaban leburorina ya faɗa, Yaya. Amsar da ta dace kalma huɗu ce: bari in tambayi ɗana. Wayata tana aljihu. Amma ni a rayuwata ban taɓa gaya wa mai aiki cewa zan tambayi wani ba, balle yaron da na yi wa wanka. Na ce masa tun kafin a haifi Injiniya nake zuba dakin, ƙafa biyu kuwa ya ɗauka an yi. Na sa kafinta ya ƙara katako. Mai Rodi, tsohon da ke lanƙwasa mini ƙarfe shekara ashirin da biyu, ya ja ni gefe ya ce Maigida, rodin nan an yanka shi ne don ƙafa huɗu, in ana son shida sai a sayo sabo mai kauri, a ɗaga aikin zuwa jibi. Na dubi injin kwaɓa da na yi haya, na dubi leburori talatin da suka taru, na dubi hadari a gabas. Na ce ya jawo rodin gaba ƙafa biyu, abin da ya rage a ciki ya isa. Ya ce in an ja hannu gaba, kafaɗa ce za ta goce. Na tambaye shi ni ke yi masa aiki ko shi ke yi mini. Ya ɗaure rodin yadda na ce. Kafin la'asar mun zuba mun gama.

Kwana uku bayan haka ɗanka ya shigo ofis, idonsa ja don rashin barci, amma fuskarsa cike da murna, an samu uwa da 'ya lafiya. Na tura masa takardar duba rodi a kan tebur. Ya ce ai ya roƙe ni a jira shi. Na ce hadari ba ya jiran mai jego. Ya tambaye ni an dai bi zane ko? Na ce an bi. Ya riƙe biro na ɗan lokaci, sannan ya sa hannu ya buga hatimi. Wannan ce ƙaryata ta farko. Ta biyu kuwa bayan mako shida ne, an riga an cire katako, ya biyo ta wurin daga wani babban aiki da yake dubawa a wajen gari. Ya tsaya a ƙarƙashin barandar ya ɗaga kai, ya ciro tef ya auna, ya juyo ya ce Baba, wannan kamar ta yi girma. Na ce mai gini ne ya matsa, amma kada ya damu, na sauya rodin da sabo mai kauri daga ragowar wani aiki, na tura shi ciki har ya fi yadda ya zana. Ya ce yana so a fasa gefe kaɗan ya gani, ko a sa mata ginshiƙi biyu don kwanciyar hankali. Na ce to, ya kawo guduma ya fasa aikin ubansa a gaban jama'a, tunda takardar makaranta ta koya masa cewa ubansa maƙaryaci ne. Ya naɗe tef ɗinsa ya sa a aljihu. Ya ce Allah ya huci zuciyata.

Wata takwas ta tsaya. Masu haya a sama suka jera durom uku na ruwa a bakinta saboda famfo ba ya hawa. Wata ranar Talata da hantsi ta sauko gaba ɗaya. A ƙasa akwai tela mai hayar shago na biyu, wanda ya saba fito da keken ɗinkinsa inuwar barandar don ya samu haske. Allah ya sa ya sunkuya ɗaukar almakashi, bangon shagon ya tare wani ɓangaren, da ba a fitar da shi da rai ba. Ƙugunsa ya karye wuri biyu. Likitoci sun ce zai yi tafiya da sanda, amma taka keke ya ƙare. Mutum ne mai 'ya'ya biyar. Da na isa wurin na ga rodin a waje, ya zare daga cikin dakin sumul kamar an zare zare daga allura, ko lanƙwasa bai yi ba. Duk wanda ya san gini, kallo ɗaya zai yi ya gane. Ɗanka ya zo ya tsuguna ya taɓa ƙarshen rodin da yatsa, ya auna kaurinsa da ido. Bai dube ni ba. Daga ranar har yau bai tambaye ni komai ba.

Zaman hukumar an yi shi ne a wani dogon ɗaki mai fanka ɗaya da ke kuka. Mutum biyar a bayan tebur, shugabarsu wata dattijuwar injiniya mai tabarau, a gabanta an ajiye guntun kankare da rodin a jiki. Ni ina kujerar baya a matsayin ɗan kwangila. Ta tambaye shi ko ya san barandar ta kai ƙafa shida, ya ce ya sani. Ta tambaye shi ko hannunsa ne a takardar duba rodi, ya ce nasa ne. Ta tambaye shi wa ya ba da umarnin ƙarin, ya ce shi ne injiniyan aikin, duk abin da aka yi a ƙarƙashin hatiminsa aka yi. Ta cire tabarau ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba, ta sake tambaya, ya sake ba ta amsar nan. Har sau uku. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, Yaya, shiru kawai ya yi a inda sunana ya kamata ya fito. Sai ta ɗaga kai ta hango ni, ta ce ko ɗan kwangila yana da abin da zai ƙara? Na miƙe tsaye. Wallahi gaskiyar na yi niyyar faɗa. Amma na ga mai ginin a gefe, na ga wasu 'yan kwangila biyu da muka daɗe muna gasa da su sun zo kallo, sai na ji bakina yana cewa mu zane ake ba mu, mu bi. Na zauna. Suka yanke cewa injiniya ya ga rodi gajere da idonsa ya amince da shi a baranda mai ƙafa shida, wanda ya yi haka kuwa bai cancanci riƙe hatimi ba har abada. Ya ciro hatimin daga aljihu ya ajiye a gabanta da hannu biyu.

Abin da ya biyo baya shi ya fi zaman hukumar nauyi. Mutane suka riƙa zuwa yi mini jaje. Ni ake yi wa jaje. Wannan ya ce yaran zamani sai takarda ba basira, wancan ya ce ɗa ya zubar wa dattijo da mutuncin shekara talatin. Ina zaune ina cewa sai haƙuri, ƙaddara ce. Har sabon aiki aka kawo mini, mai shi ya ce ya fi yarda da tsohon hannu. Ɗanka kuwa in na kira shi yana ɗauka a bugu na farko, ya gaishe ni, ya tambayi jikin mahaifiyarsa, ya jira in kashe. Da zagina yake yi da na fi samun sauƙi. Mai Rodi ya tattara kayan aikinsa ya bar ni ba sallama. Uwar yara, wadda na ɗauka ba ta san komai ba, wata rana bayan masu jaje sun watse tana kwashe kofuna, ta ce ita dai ta san ta haifi ɗa, amma ba ta san ta haife shi ne don a tokare dakin da shi ba. Ta ce ko sandar tokara ai kwana ashirin da ɗaya take yi a cire ta, shi yaushe zan cire shi? Shekara talatin da biyu muna tare, ba ta taɓa yi mini magana da harshen sana'ata ba sai ranar. Na fita na zauna a cikin tifa kamar mai jiran lodi.

Duk da haka sai da na ƙara mako biyu. Girman kai rawanin tsiya ne, na daɗe da sanin karin maganar, ban san a kaina yake ba. Abin da ya ƙarasa ni shi ne telan. Na je duba shi a gidansa da 'yar leda a hannu. Na same shi kwance a kan katifa a ƙasa, kan kekensa a kusurwa an rufe da zane don ƙura. Ya yi ƙoƙarin tashi don ya gaishe ni. Ya ce Maigida, kai ba ruwanka, kowa ya san gininka ko guduma sai ta yi gumi kafin ta fasa. Har da wasa ya yi, ya ce shekara ashirin yana rage wa mutane tsawon wando, bai san wata rana za a rage masa nasa tsawon ba. Sannan ya roƙe ni kada in tsananta wa yaron, kuskure ne na ƙuruciya, in riƙa jan sa a jiki don kada baƙin ciki ya yi masa illa. Mutumin da na karya yana roƙa wa ɗana afuwa a wurina. Ban san lokacin da na fara magana ba. Na faɗa masa komai, ƙafa biyun, da rodin da aka ja gaba, da ƙarya biyun. Ya saurara har na gama. Ya juya fuskarsa bango, ya ce in ja masa ƙofa in na fita, kuma in tafi da ledata. Ban ga laifinsa ba. Amma ka san wani abu? A hanyar dawowa na ji yunwa, karo na farko cikin watanni.

Washegari na je wurin lauya. Ya ce doka ta ba da kwana sittin a ɗaukaka ƙara a kan hukuncin hukumar, kuma yau da nake rubuta maka saura kwana goma sha ɗaya. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce ɗanka ba zai fita fes ba, don ya sa hannu a kan abin da bai gani ba, kuma da ya ga ƙari bai tsaya a kan a fasa ba. Wannan sakaci ne, kuma nasa ne. Amma akwai bambanci tsakanin injiniyan da ya ga rodi gajere ya amince, da wanda ɗan kwangila ya sauya aiki a bayan idonsa ya kuma yi masa ƙarya sau biyu. Na farko kora ce ta har abada. Na biyu yana iya zama dakatarwa ta shekara biyu ko uku, sannan a mayar masa da hatiminsa. Ya ce yana iya zama, bai ce tabbas ba. Ni kuma ya ce in shirya: za a soke rajistar kamfanina, diyyar telan za ta dawo kaina, kuma ba mamaki a gurfanar da ni, har ma a ɗaure. Ya tambaye ni sau biyu ko na fahimta. Na ce masa ban yi boko mai zurfi ba, amma wannan ko lebura ya fahimta: tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Tifa da filin ajiye kaya za su tafi wurin telan, na riga na yi magana da dillali.

Na nemi Mai Rodi don a samu shaida ta biyu. Na same shi a wani gini a bayan kasuwa, a ƙarƙashin bishiya, yana lanƙwasa ƙarfe. Na tsaya a kansa. Bai ɗago ba ya ce ai ya ɗauka sai an yi wa jikata aure zan zo, babban yatsansa na dangwale har ya fara tsufa da jira. Ya wanke hannu ya bi ni kotu. Mun yi rantsuwa mu biyu a gaban jami'i, ya dangwala, na sa hannu.

To ga abin da nake roƙonka, Yaya. A cikin ambulan ɗin nan akwai takarda biyu. Ɗaya kwafin rantsuwata ce, ɗayar kuma takardar ɗaukaka ƙara, wadda ba ta aiki sai da sa hannun ɗanka, a wurin da lauya ya yi alama da fensir. Na san abin da zai ce. Zai ce ba zai sayi hatimi da mutuncin ubansa ba. Shi ya sa ban nemi shawararsa ba, kuma shi ya sa ban aiko maka da asalin rantsuwar ba: na riga na kai ta ofishin hukumar jiya da kaina, dattijuwar nan ta karɓa, an buga mata hatimin karɓa a gabana. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce ta daɗe tana jiran wannan takarda. Saboda haka ka gaya masa ba sauran abin da zai kare. Ni na riga na sauko. In ya ƙi sa hannu, mu biyu muka faɗi a banza, in ya sa, ɗaya ya tashi. Kai yake jin nauyi fiye da kowa, kai ka koya masa karatu a kan cinyarka. Ka zaunar da shi, ka ba shi wannan wasiƙa ya karanta da kansa in ka ga ya dace. In ya yi gardama ka yi masa tsawa irin wadda kake yi mini. Direba zai kwana biyu a garinku yana jiran lodi, ka ba shi takardar ya dawo da ita.

Kada ka ce masa ina neman gafara, wannan ba a aika ta a ambulan. In ya dawo zan nema da bakina, a gaban mahaifiyarsa da matarsa. Abu ɗaya kawai za ka faɗa masa. Shekaranjiya maƙwabcinmu na bayan gida ya kira ni in duba masa katangarsa da ta fara rinjaya, ya ce in gaya masa ko a tokare ta ko a rushe. Aikin da zan iya yanke wa hukunci ido rufe ne. Na tsaya na dube ta, mutane huɗu suna jiran abin da zan ce. Na ce masa ya hana yara bi ta wurin, sauran kuma bari in tambayi ɗana. Ya ce wane ɗan, wanda aka ƙwace wa lasisi? Na ce shi ɗin. Na auna tsayinta da kaurinta da yadda ta karkata, na rubuta a bayan wannan takarda. Ka nuna masa. Ka ce ina jiran amsa.

Ka gaishe mini da uwargidanka Yaya Babba, Allah ya saka mata da alheri kan ɗawainiyar da take yi da ɗanta. Ka gaida Gwaggo, ka ce mata maganin idon yana hannun direba, kada ta ɗiga fiye da sau biyu a rana. Ka gaida Kawu da mutanen gidansa, da takwarana, da 'yan biyu da mahaifiyarsu. Uwar yara tana gaishe ku, ta ce a gaya wa ɗanta ya riƙa cin abinci. Surukarmu da Auta suna gaisuwa. 'Yar ƙaramar kuma ta kama takalmin ubanta ta kai bayan randa tun ranar da ya tafi, mun bar shi a can.

Allah ya bar zumunci, ya sa mu gana da alheri. Ka sa ni a addu'a, ina bukata.

Ni ne ƙaninka,
wanda har gobe kake kira Birkila.